Maserati ta gwangwani da direba marar kai

Akwai 'yan motocin tsere na wasa da ke gudu a kan titi mai tsaga a tsakiya. Wani ɗan harshe a ƙarƙashin motar ne ke shiga tsagar, saƙaƙƙun wayoyi biyu suna gogar ƙarafan gefenta suna shan lantarki, kai kuma da abin matsawa a hannunka, shi ne totur shi ne birki. Masu ƙera motocin wasa na Scalextric sun fito da nasu a Ingila a 1957, kuma cikin motocinsu na farko akwai Maserati 250F ta gwangwani, kwaikwayon motar da direba Juan Manuel Fangio ya ci gasar tseren motoci ta duniya da ita a shekarar. Ita na ƙwallafa rai sai na ƙera irinta da hannuna, ɗaya bisa 32 na girman ta gaske, don girmama tsohuwa.

Na yanka gwangwani, gwangwani ya rama a yatsana. Jan fenti kuwa rabi ya hau mota, rabi ya hau wando. Daga ƙarshe na manna ɗan direba da hular kwano, kansa bai kai maɓallin riga ba.

Ranar gwaji ɗan ƙanwata ya zo da tasa ta zamani, muka jera. Ina matsawa, Maserati ta zabura fiu, da baya!

"Kawu, dama da ribas Fangio ya ci gasar?"

Ashe wayoyin injin ne suka yi musanyen wuri. Na juya su ina zufa, shi kuma yana dariya har da riƙe ciki.

Sai batun shan kwana. Motarsa tana da mayen ƙarfe a ƙasa da ke manna ta da titi, ko ya matsa iya ƙarfinsa ba ta ko gezau. Ya ce in sa wa tawa. Ni? A 1957 babu wannan ha'inci, yatsa ne ke tuƙi. Na yi masa dogon wa'azi a kan sassauta hannu kafin kwana, sannan na ga ya wuce ni, zuciya ta ɗebe ni na danne totur har ƙarshe.

Maserati ta bar titi, ta ratsa iska, ta daki ƙafar tebur. Kan direba ya cire ya gangara, kyanwa ta cafe shi ta yi waje.

Na miƙe motar, muka ci gaba haka nan, direba daga kafaɗa zuwa ƙasa. Abin haushi, tun daga lokacin ba ta sake sauka daga titi ba. Yaron ya dube ta, ya dube ni.

"Kawu, ko kyanwar za mu bar wa kan?"