Wa zai auna samun mai aikin ƙarfi?

Wani labari da na gani kan tallafin mabuƙata ya ce duk wanda samunsa na wata bai kai adadin da aka ƙayyade ba ya cancanci tallafi. To, mai aikin ƙarfi da yau ya samu gobe ya rasa, wace takardar albashi zai nuna? Shi ya sa masu tantancewa kan koma duba rufin gida ko firji, kuma a nan ake zubar da mabuƙata da yawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne uwar marayu biyar da samunta ya ɗan haura layin, sai a yanke mata komai lokaci guda. Me ya hana a riƙa rage tallafin sannu a hankali, ana la'akari da yawan bakin da take ciyarwa?