"Sa hannu kawai," in ji Oga

Yau dai an kai ni bango. Ina kan injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, muna yankan ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda kowa a sana'ar ya san halinsa: ɓarɓashinsa ba ya kakkaryewa, dogon zare yake yi. Zaren ya nannaɗe wuƙar, ya cukurkuɗe, ya fara karce fuskar aikin. Na tsayar da injin, na jira ya gama juyi, na buɗe ƙofa na ɗauko ƙugiya. Sai ga Oga a kaina.

"Wa ya ce ka kashe?"

"Oga, zare ne ya kama."

"To hannunka fa, ado ne?"

Na ɗauka wasa yake. Sai ya laluba aljihu, ya zaro ɗan harshen ƙarfe, ya cusa a suwic ɗin ƙofa don injin ya zaci a rufe take. Ya danna maɓalli. Inji ya tashi, ƙofa a wangale.

"Ka gani? Ya cinye ni?"

"Oga, kai ai a baya kake tsaye."

Ya dube ni sama da ƙasa, a gaban yaran da nake koya wa aiki, ya ce, "In tsoro kake ji, koma gida ka yi raino. Ga safar hannu nan, saka ka ja."

Safar hannu! Madalla da wannan ilimi. Abin da aka fara hana mu tun ranar farko, shi ne yau ya zama magani. Zaren nan ya fi reza kaifi, in kuma ya kama safa, da hannun zai tafi. Injin da ke juyi 3,000 a minti, sau 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ce wayyo ya riga ya naɗe ka har gwiwar hannu. Furogiram kuma, wato jerin umarnin da injin ke bi, bai san da kai ba. Layin da ke gaba yake bi: in canjin wuƙa ne zai canja, in gudu ne zai ruga, ko kanka na ciki. Maɓallin dakatarwar da Oga ke taƙama da shi ma tafiyar wuƙa kawai yake tsayarwa, ƙarfen na nan yana juyi.

Kuma ba yau aka fara ba. Shekaru ke nan ana sa mu goge aiki da samfefa a hannu inji na gudu. Gilashin ƙofa ya dushe ya tsage, ruwan sanyaya ya gama cin ƙarfinsa, an ce mu yi haƙuri. Ka ce a gyara gudun yanka ko a sayo wuƙa mai karya ɓarɓashi, ko a sa umarnin tsayawa na M00 a furogiram inji ya tsaya da kansa a share, sai a ce kana ɓata lokaci. Minti biyun tsayawa ne asara, yatsan ma'aikaci kuwa kyauta ne.

Su kuma masu duba masana'antu na gwamnati, ina suke? Tun 1963 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 119, wadda ta ce kada a tilasta wa ma'aikaci aiki da injin da aka cire wa kariya. Ga ta can a takarda. Ranar da za su zo, an riga an sani. A zare harsunan ƙarfen a ɓoye a durowa, a share ƙasa, a raba mana sabon tabarau. Su leƙo daga bakin ƙofa, su wuce ofis, su sa hannu su tafi. Ba wanda zai tsuguna ya dubi suwic ɗaya. In hannu ya tafi, rahoto ya ce sakacin ma'aikaci ne, jama'a su ce ƙaddara, washegari wasu goma na layi a bakin get suna roƙon gurbinsa, kuma ba wanda ya taɓa jin an rufe kamfani a kan yatsa.