Yadda Kwashe Tarkacen Sito Ya Kusa Kashe Mini Aure

A gidanmu da ke unguwar Gwammaja a Kano akwai wani ɗan ɗaki da muke kira sito, wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa sai an sa kafaɗa, domin duk abin da ya lalace a gidan can ake jefa shi da sunan wata rana za a kai gyara. Da ɓeraye suka fara fitowa daga cikinsa da rana tsaka babu ko kunya, sai na yanke shawarar cewa ranar Asabar zan raba gidan da duk abin da ba shi da amfani.

Na tarar da rediyo mai kaset, da risho marar lagwani, da fitilar ƙwai wadda ƙwanta ya fashe, da wata Nokia irin ta farkon shigowar wayar salula a 2001, sai kuma adakar mahaifiyata, wadda a ƙasanta na ga sulalla na zamanin fam da aka daina ciniki da su tun zuwan naira a 1973. Abin da ban sani ba shi ne, kowane tarkace a gidan nan yana da lauyansa. Ina taɓa adakar, Hajiya ta ɗaga murya daga ɗakinta ta ce, "Da ita aka kai ni gidan ubanka, in ka ga ta fita to gawata ta riga ta." Nan take na janye hannuna.

Babbar shari'ar kuwa a kan kayan jeren uwargida aka yi ta, wato kwalla da samira da kumbo waɗanda iyayenta suka sayo a Kasuwar Rimi, kuma tun daga ranar da aka kawo su ko ruwa ba a taɓa sha a cikinsu ba. Ta ce ajiye su take yi domin auren 'yarmu, alhali yarinyar tana aji biyu na firamare, ga shi 'yan matan yanzu ba su san jere da kwalla ba, sai tangaran da kayan lantarki. Bayan doguwar muhawara ta yarda a kira dillaliya ta yi musu kuɗi, ni kuma saboda ɗoki na sa yara suka kwashe su zuwa ƙofar gida don a karkaɗe ƙura, suka haɗa da tsohuwar katifa da fuskar gado. Na tsayar da wani ɗan gwangwan mai tura kura, ya rataya rediyona da risho a sikeli, ya taya su kuɗin da ko a adaidaita sahu ba za su kai ni Ƙofar Ruwa da ke kusa da mu ba.

To, a Kano idan aka ga kayan ɗakin mace a ƙofar gida, ga kura a tsaye, ga maigida yana nuni da hannu, fassara ɗaya ce tak. Maƙwabciyarmu ta leƙo, ta yi salati, ta koma ciki da waya a kunne. Kafin a kira la'asar sai ga baffan uwargida ya sauka daga babur tare da limamin unguwa, ko gaisuwata bai amsa ba ya ce, "Malam, aure ai ɗan haƙuri ne. Faɗa mini gaskiya, saki nawa ka rubuta?" Na ce, "Wallahi Baffa, shara nake yi." Ya ce, "'Yar tamu ce shara?"

Na ƙwalla wa uwargida kira don ta zo ta wanke ni, amma baiwar Allah ta tsaya a bayan labule, ta sassauta murya ta ce, "Ni dai Baffa, na wayi gari na ga ana fitar mini da kaya." Babu ƙarya ko ɗaya a maganarta, shi ya sa na rasa ta inda zan ɓullo mata. Baffa ya yanke hukunci cewa a mayar da komai inda yake, liman ya yi mana nasiha mai tsawo a kan haƙƙin mata, ni kuma na yi ta jigilar kwalla a gaban 'yan kallo.

Sai da dare ya yi, aka kawo wuta, muka nemi fankar falo muka rasa. Ashe muna cikin sulhu autanmu ya ga ta yi ƙura, ya ɗauka tana cikin kayan fitarwa, ya miƙa wa ɗan gwangwan, shi kuma ya ba shi kofin roba guda biyu ya ƙara gaba.