Bayan azumin kwana 21, ga abin da muka fito da shi

Duk wanda ya ga bidiyon da yake yawo a WhatsApp tun safiyar Asabar ya san abin da ya hana ni sukuni. Dattawan ikilisiya biyu da suka jagorance mu azumin kwana 21 na watan Janairu, suka kuma kwana da mu muna addu'a har asuba, su ne suka tsaya a ƙofar majami'a suna zagin juna a kan kuɗin baikon da masu bi suke bayarwa a majami'a, yaran makarantar Lahadi suna kallo. Ba zan kama suna ba, domin ciwon namu ne duka. Mun daɗe muna ƙirga sa'o'in da muka yi cikin ginin majami'a muna kiransu zama a gaban Allah, alhali mutum yana iya kwana a ginin bai ko gaisa da Mai ginin ba.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya zauna da Ubangiji da gaske, dole a ga alama a jikinsa. Musa ya yi kwana 40 a Dutsen Sina'i, da ya sauko fuskarsa tana annuri, kuma sura ta 34 ta Littafin Fitowa ta ce shi kansa bai sani ba, jama'a ne suka gani. Bitrus da Yahaya masunta ne marasa zurfin karatu, amma da suka tsaya gaban majalisar shugabannin Yahudawa a Urushalima, har maƙiyansu suka gane cewa sun zauna da Yesu. To, mu me yaran nan suka gane a kanmu ranar Asabar?

An riga an fara aiko mini da saƙo cewa kada in hukunta kowa, wasu suna cewa aikin Shaiɗan ne, wasu kuma suna cewa hali zanen dutse. Wannan na ƙarshen ya fi yi mini zafi idan ya fito daga bakin mai bi. Idan hali ba ya sakewa, me Manzo Bulus yake nufi a 2 Korantiyawa 3:18 da ya ce ana sāke mu zuwa kamannin Ubangiji? Haƙuri, tawali'u da kamunkai suna cikin abin da Galatiyawa 5 ta lissafa a matsayin aikin Ruhu Mai Tsarki, kuma ƙarar lasifika ba ta haifar da ko ɗaya daga cikinsu.

Gaskiyar ita ce mun zama Marta, wadda hidima ta ɗauke mata hankali sa'ad da Yesu ya sauka a gidanta. Ranar Litinin taron kwamiti, Talata Zumuntar Mata, Laraba addu'a, Alhamis koyon waƙa, hidima ta cinye mu har babu sauran lokacin zama shiru a ji maganar Yesu kamar yadda Maryamu 'yar'uwar Marta ta yi. Yesu kansa, da taro ya matsa masa a Kafarnahum, yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa. A Matiyu 6 ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. A ɗakin nan ne fushi da son kuɗi suke fitowa fili, domin babu mai tafa maka, babu kuma wanda za ka burge.

Kakata ba ta taɓa riƙe makirufo ba. Kowace asuba takan kunna fitilar ƙwai ta buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932 wadda Dokta Miller na Wusasa ya sha wahala a kanta, tana bin layi da yatsa. Maƙwabtanmu Musulmi ita suke ba ajiyar kuɗi idan za su yi tafiya. Littafin yana hannuna yanzu, bangonsa ya rabu, shafukan Zabura sun yi baƙi saboda yawan taɓawa. Wanda ya san mai ɗinkin littafi na kirki a Zariya ko Jos, don Allah ya sanar da ni.