Irin gyaɗa mai jure fari yana Samaru, mu kuma muna sayen na kasuwa

Duk lokacin da aka ɗora tsohon hoton dalar gyaɗar Kano a Facebook, sai ka ga mutane suna zuba "Allah sarki, man fetur ya kashe mu". Da gaskiyarsu, amma ba fetur kaɗai ba ne. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, suna cikin farfaɗowa kuma cutar kuturtar gyaɗa ta faɗo a 1975 ta share gonaki. Daga nan da yawa suka koma gero da wake.

Gyaɗa tana da wani hali da ba kowa ya lura da shi ba. A sama take fure, sai wani tsinke ya sauko daga furen ya huda ƙasa, a can ƙasa 'ya'yan suke zama. In ruwa ya ɗauke a wannan gaɓar, ƙasa ta yi tauri, tsinken ba ya shiga. In kuma ya ɗauke lokacin da ƙwaya take cika, ka tona ka tarar da kwanso fanko. Na tsaya a gonar kawuna wata shekara da damina ta yanke tun farkon Satumba, yana murza kwanso da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ba komai sai iska. Bai ce uffan ba. Wadda ta tsira ma ba lafiya ce da ita ba, domin farin ƙarshen damina shi ke buɗe wa fumfunar nan ƙofa, mai fitar da gubar da ake kira aflatoksin, mai lalata hanta.

Masana ba su zauna ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, tare da ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken amfanin gona a yankunan da ruwa bai wadata ba, mai ofis a Kano da tasha a Sadore kusa da Yamai, sun fitar da jerin irin SAMNUT. SAMNUT 24 tana nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, ga jure kuturta, wato tana gama aikinta kafin ruwa ya yi sallama. Dattawa kuma sun san 'Yar Dakar, wadda asalinta daga Senegal ne. Masu cewa duk sabon iri na bature ne da aka yi wa siddabaru, su je su ga yadda ake yi. Da yamma ma'aikaci zai tsuguna da ɗan hantsaki ya cire sashen namiji daga furen, da sassafe ya dawo ya shafa masa garin furen wata gyaɗar. Daga nan a yi ta shukawa ana zaɓe shekara da shekaru.

To, ina irin yake? Nan ne haushina. Gyaɗa kanta take yi wa barbara, don haka wanda ya sayi iri sau ɗaya zai iya ajiye nasa ya sake shukawa. Kamfanonin iri ba su ga riba a nan ba, sun fi son masara 'yar aure da dole ka dawo kowace shekara. Ga nauyi, ga saurin mutuwa in zafi ya buge ta a rumbu. Sai manomi ya shiga kasuwa ranar da ruwa ya sauka, ya auno tiya biyu ta gyaɗar ci, ja da fara a gauraye, ya shuka da bismillah.

Su ma masanan ina da magana da su. Kawu ya taɓa ƙin wani iri mai saurin nuna saboda harawarsa ba ta da yawa, shi kuwa da harawa yake kiwon ragunan Sallah. Inna tambayarta ɗaya ce: kwano nawa ke cika kwalbar mai, kuma ƙuli-ƙulin yana kamawa? Wasu masu saurin nunar kuma, in ruwa ya ƙara kwana bayan sun ƙosa, a cikin ƙasa suke tsirowa.

Ni da za a ji tawa, kuɗin da ake kashewa a taron otal a ba ƙungiyoyin mata masu matsar mai irin asali su ninka shi a ƙauyukansu, a sayar a kwano tun watan Mayu, kafin ruwan shuka.