Kansa da ƙirƙirarriyar basira: kafin a rangaɗa guɗa

Labarin mai cutar kansa ba a wuri ɗaya yake ba. Hoton cikin jikinsa yana sashen ɗaukar hoto, tsokar da aka yanko daga ƙarin tana ɗakin gwaji a kan gilashi, sakamakon binciken ƙwayoyin halittarsa yana wata kwamfuta, abin da likita ya rubuta kuma yana cikin fayil. Kowane gwani nasa yankin yake kallo. Masu ƙirƙirarriyar basira sun ce a tara waɗannan duka, na mutum dubu goma ko dubu ɗari, a bar na'ura ta zaƙulo alaƙar da idon mutum ba ya iya kamawa. Ni ina ganin maganarsu da ƙamshin gaskiya. Inda nake ja da su shi ne yadda ake zuba yabo a kan na'urar, alhali ƙarfinta da rauninta duk daga bayanan da aka ɗura mata suke fitowa.

Babu mai musun cewa ana buƙatar taimako. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sababbin masu cutar kusan miliyan 20, kuma kimanin miliyan 9.7 sun mutu. Likitocin da ke duba tsoka da hotuna ba su ƙaruwa da irin wannan sauri.

Amfanin haɗa bayanai ya bayyana tun kafin a fara wannan hayaniya. Shirin TCGA, na tattara bayanan ƙwayoyin halittar kansa, wanda Amurka ta soma a 2006, ya tattara samfuri daga majinyata fiye da 11,000 masu nau'in kansa 33. Da aka jera bayanan ƙwayoyin halitta kusa da tarihin jinya, sai aka gano a 2013 cewa kansar cikin mahaifa, wadda ake yi wa kallon gida ɗaya ko biyu, ta kasu gida huɗu, kuma makomar majinyaciya ta bambanta gwargwadon gidan da ta faɗa. Yau likitoci suna amfani da wannan rabo wajen zaɓar magani.

To amma wannan rumbun ne kuma ya tona wani asiri. A 2021 masu bincike a Jami'ar Chicago suka nuna cewa na'ura tana iya duba hoton tsoka ta faɗi asibitin da ya aiko shi. Kowane ɗakin gwaji da irin rininsa, da yadda yake yanka tsoka, da injin da yake ɗaukar hoto da shi. A ce wani asibiti galibin majinyatansa sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa. Na'ura za ta iya koyon cewa wannan launin rini alamar mutuwa da wuri ce, ta ci jarrabawa da maki mai yawa, ba tare da ta san komai game da kansar ba. Ɗalibi ne da ya haddace rubutun malami bai fahimci darasi ba. Irin haka ta faru da kansar fata: wani bincike na 2019 ya nuna cewa alamar tawada da likita kan yi kusa da tabo tana sa na'ura ta ɗauki tabo mara illa a matsayin mai haɗari.

Wanda ya manta da labarin Watson, na'urar ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin kwamfuta na IBM, ya kamata a tuna masa. Cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Texas ta kashe kimanin dala miliyan 62 a aikin da ta yi da wannan na'ura ta IBM, aka jingine shi ba a taɓa amfani da shi a kan majinyata yadda aka tsara ba. A 2022 IBM ta sayar da babban ɓangaren harkar lafiyar tata. Talla ta riga shaida fita, shi ke nan.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma akwai waɗanda suka gwada yadda ya dace. A Suwidin an raba mata kusan 80,000 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Hotunan nonon kashi ɗaya likitoci biyu suka duba kamar yadda aka saba, na ɗaya kashin kuma da taimakon na'ura. Sakamakon farko da aka fitar a 2023 ya nuna ɓangaren na'ura ya gano cutar kansa a jikin mata 244, ɗayan 203, aikin duba hoto ya ragu da kashi 44 cikin ɗari, kuma ba a ƙara yawan matan da aka tayar wa hankali a banza ba. Wannan ita ce shaidar da nake girmamawa. Duk da haka, gano ƙari da yawa daban, ceton rai daban, don akwai ƙarin da ko an bar shi ba zai kashe mai shi ba.

Sauran tambaya ita ce: bayanan su wa aka haɗa? Wani nazari na 2016 ya samu cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na samfuran TCGA da ya duba na fararen fata ne, 'yan asalin Asiya kuwa kashi 3 kacal cikin ɗari. Na'urar da ta yi karatu a kan jama'a ɗaya ba ta da hujjar yanke hukunci a kan wata sai an sake jarraba ta a can. Asibitoci kuma suna da dalilin riƙe fayilolinsu, domin sirrin majinyaci amana ce, kuma bayanin ƙwayoyin halittar mutum ya shafi 'ya'yansa da 'yan'uwansa waɗanda ba a nemi izininsu ba.

Akwai dabarar da ta rage wannan cikas. Maimakon a kwashe bayanai zuwa wuri ɗaya, sai a aika manhajar ta yi koyo a kowane asibiti, abin da ta koya kaɗai ake haɗawa. A 2022 cibiyoyi 71 a nahiyoyi shida sun yi haka da hotunan majinyata fiye da 6,000 masu wata muguwar kansar ƙwaƙwalwa, na'urar ta ƙara ƙwarewa wajen shata iyakar ƙarin, fayil ko ɗaya bai bar asibitinsa ba. Sai dai asibitin da har yanzu yake ajiye tarihin majinyata a takarda, ba shi da injin mayar da gilashin tsoka hoton kwamfuta, ba shi da abin da manhajar za ta karanta ko da ta zo ƙofarsa.