Kada ka ci uwar kuɗi

'Yan uwana matasa, musamman ku da kuka buɗe ɗan shago, ko teburin POS, ko kuke tallar kaya ta WhatsApp, ina roƙonku ku tsaya ku duba inda kuɗinku ke tafiya. Sana'o'i da yawa suna mutuwa alhali ciniki na tafiya lafiya lau, saboda mai sana'ar yana cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci.

Ga yadda abin yake faruwa. Da safe ka zari dubu biyu daga aljihun tebur ka sa data. Da azahar aboki ya zo da matsala, ka ba shi dubu biyar, "in Allah ya hore zan kawo." Ranar Asabar ga gudummawar biki. Ba ka rubuta ko ɗaya ba. Wata uku ana haka, sai ka ga kanta ta fara yin fili, ka koma kana cewa kasuwa ce ta lalace ko an yi maka asiri. Babu asirin da aka yi maka, ɗan uwa. Ka yanka wa kanka albashi, komai ƙanƙantarsa, ka tsaya a kansa. Sauran kuɗin na shago ne, ko da kai kaɗai ne mai shagon.

Akwai kuma wani cin uwar kuɗin da ya fi ɓoyuwa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin Naira a watan Yuni (wato barin kasuwa ta tsayar da darajarta), dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. 'Yan kasuwa da dama sun sayar da kayansu a kan tsohon farashi, sun ɗora 'yar riba suna murna, da suka koma kasuwar Singa ko Kantin Kwari a Kano saro wani sai kuɗin ya kasa sayen adadin da suka sayar. Wanda ya saro katan goma ya dawo da bakwai, asara ya yi, ko nawa ya gani a hannu. Kafin ka faɗi farashi, tambayi nawa ake sarin kayan a yau.

Bashi kuwa, kunya ce ke jawo shi. Ka tanadi littafi, ka rubuta suna da rana da adadi a gaban mai karɓa. Addini ma ya yi umarni da rubuta bashi, don haka babu abin jin nauyi.

Ina takaicin yadda wasunmu ke raina zama a ƙarƙashin ubangida. Yaron da ya yi shekaru a shagon wani a Kantin Kwari ya san lokacin da atamfa ke tafiya, ya san dilan da ke cika alkawari da abokin cinikin da ba a ba shi bashi. Idan har yanzu ba ka zuba jarinka ba, nemi wanda ya daɗe a sana'ar da kake so, ka zauna da shi ko da shekara guda ce kafin ka kama hayar shago.